Waiwaye: wa ke yanke wa mai naƙasa shawara a Damagaram?

Tun kafin Faransawa su mamaye Damagaram a 1899, makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, waɗanda ke sasanta rigimar jama'arsu su kuma kai kukansu fada. Maganar dukiya da aure kuwa ta alƙali ce, bisa fiƙihun Malikiyya. A wannan fiƙihu makanta ko kurumta ba sa hana mutum ciniki: sayen makaho da sayarwarsa sun inganta, ishara ta bebe kuma tana tsayawa matsayin magana idan an fahimce ta. Wanda ake yi wa hajaru, wato a ɗaure masa hannu kan dukiyarsa a naɗa masa waliyyi, shi ne yaro da mai taɓin hankali da mai almubazzaranci. Ko mai taɓin hankalin ma, idan ciwon mai zuwa ne yana tafiya, abin da ya ƙulla lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu.

Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta fi haka tsanani. Kundin dokar zamantakewa, wanda asalinsa na 1804 ne, ya ce a aya ta 489 babban mutum mai taɓin hankali a haramta masa gudanar da al'amuransa ko da yana samun sauƙi lokaci lokaci. Dangi ko abokin aure ne ke shigar da ƙara, a ji ra'ayin taron dangi, alƙali ya yi wa mutumin tambayoyi, sannan a yanke. Daga ranar hukunci ana ɗaukarsa kamar ƙaramin yaro, duk takardar da ya sa wa hannu kuma ta ɓaci. Faransa ta sauya wannan tsari tun 1968, mu kuwa ya zauna mana.

An yi gyare-gyare ta wasu fuskoki. Doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993 ta kafa ƙa'idojin kula da naƙasassu, aka yi mata kwaskwarima a 2010, sai doka 2019-62 ta biyo baya a Disamba 2019. A tsakani, ranar 24 ga Yuni 2008, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aya ta 12 ta ce a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa da kansa, kada wani ya yanke a madadinsa. Shi ya sa a 2019 kwamitin da ke bin diddigin yarjejeniyar ya nemi a soke ayoyi 489 zuwa 512 na kundin dokar zamantakewa.

Amma mafi yawan ɓarnar ba ta bi ta kotu. A wurin rabon gado take faruwa. Ana fitar da kason kurma ko na mai farfaɗiya, sai baffa ko babban wa ya ce zai riƙe masa, ba hukuncin alƙali, ba takarda, ba wa'adi. Bayan shekaru gonar ta narke cikin tasa, shaidu sun mutu. Haka makaho ke dangwala yatsa kan takardar sayar da fili wadda mai sayen ne ya karanta masa ita. Wannan zalunci ne, kuma babu fiƙihu ko dokar da ta halatta shi.

Tun da kotunan Nijar suna aiki da al'ada a kan aure da gado da cancantar ƙulla ciniki, mai naƙasa a unguwar Birni ko ta Kara-Kara a Damagaram yana da hujjar Malikiyya a hannunsa. A rubuta kasonsa da sunansa ranar rabo, da iyakokin gona da shaidu biyu. Shi zai zaɓi mai karanta masa takarda ko mai fassara masa ishara, kada ya zama mai riba a cinikin. Idan wakilci ya zama dole, a rubuta abin da aka wakilta, da ranar ƙarewarsa, da cewa mai dukiya na iya janye shi duk ranar da ya so.