Waiwaye: Tarihin ciwon da ke kashe yatsu idan sanyi ya taɓa su

A Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ba kowa ke ɗaukar sanyi abin kai wa likita ba. Amma da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, cikin masu alwalar asuba da ruwan randa, da mata masu wanke-wanke, da 'yan kabu-kabun da ke fita da duku-duku, akwai waɗanda yatsunsu kan ɗashe su sandare. A lokacin ba zafi suke ji ba, yatsan mutuwa kawai yake yi. Azabar sai an kai hannu bakin murhu jini ya fara komowa: zogi da raɗaɗi kamar ana tsira allura.

Likitan Faransa Maurice Raynaud ne ya fara bayyana wannan a rubuce a 1862, a birnin Paris, kan majinyata 25, akasarinsu mata. Shi ya sa cutar ke amsa sunansa. A ganinsa, laifin jijiyoyin da ke kai saƙo ne, su ke sa ƙananan hanyoyin jini su tsuke fiye da kima. Wannan ra'ayi ya daɗe, har likitoci suka riƙa yanke waɗannan jijiyoyi ta hanyar tiyata, sai dai sauƙin da hannu ke samu sau da yawa ba ya ɗorewa.

A 1929 Thomas Lewis a Landan ya zo da wata magana. Ya nuna cewa ko an kashe jijiyar da allura, sanyi na taɓa yatsa hanyar jinin za ta tsuke, don haka matsalar a cikin yatsan take. Yau an yarda kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. A 1932 kuma Allen da Brown na asibitin Mayo a Amurka suka shimfiɗa ƙa'idojin raba cutar da ke zaman kanta da wadda wata cuta ke haifarwa. Ga mai fama da zogi, wannan rabewa ta fi duk muhawarar baya amfani. Mai nau'in farko, da hannu ya ɗumama shi ke nan. Mai na biyu, wanda kan biyo bayan cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin kansa, irin su sikilarodama da lufus, gyambo na iya fito masa a kan yatsa, mai hana barci da wuyar warkewa.

Sana'a ma tana da hannu. Giovanni Loriga a Italiya a 1911, da Alice Hamilton a Bedford ta jihar Indiyana a 1918, sun ga matattun yatsu a hannun masu sassaƙa dutse da injin da ke girgiza. Girgizar tana ɓata jijiyar ji ita kanta, sai mutum ya kasa tantance zafi da sanyi sosai. Ingila ba ta sa wannan mutuwar yatsu ta girgizar inji cikin cututtukan aiki da ake biyan diyya ba sai 1985. Masu injin fasa dutse da na yankan ƙarfe a nan gida ya kamata su san da wannan.

Daga shekarun 1980 aka fara ba da nifedipine, maganin hawan jini mai buɗe hanyoyin jini, kuma a 2023 masu bincike a Landan da Balin ta Jamus suka danganta cutar da ƙwayoyin gado biyu.

Littattafan likitanci sun dogara da launi uku da yatsan ke rikiɗa zuwa gare su: fari, shuɗi, ja. A baƙar fata shuɗin da jan ba sa fitowa sosai, sai an duba tafin yatsa da ƙarƙashin farce. Don haka a wajenmu bayanin majinyaci ya fi launin nauyi: yaushe yatsan ke mutuwa, yaushe zogin ke tasowa, hannu ɗaya ne ko duka biyun. Da wannan likita zai bambanta shi da amosanin jini ko mutuwar jijiya ta ciwon suga. Taba sigari tana ƙara tsuke hanyoyin, kuma duk wanda abin ya fara masa bayan shekara 30, ko gyambo ya fito, gwajin jini a asibiti yake buƙata.