Me ya sa garmani da tafasa ke cinye mana wuraren kiwo?

Salamu alaikum manoma da makiyayan jihar Sakkwato. A matsayina na malamin gona akwai abin da ke damu na ƙwarai, duk wanda ke bin burtali yanzu zai ga inda da can gamba da ƙyasuwa da harkiya ke tsiro sai garmani da tafasa sun rufe ko'ina, kore shar, amma shanu su wuce da yunwa don ba su damu da cin su ba.

To jama'a haki irin wanga ba ya iya kutsawa inda ciyawa ke da kauri. Sai an buɗe mishi hili. Idan bisashe sunka yi yawa wuri guda sunka cinye ciyawar kirki tun ba ta zubar da iri ba, kofato ya daddaɓe ƙasa, anka sare itace, ga gobarar daji da rani, sai ƙasa ta zama tsirara, ruwan farko na sauka wanda dabba ba ta ci shi ke samun rana da laima shi kaɗai, ya yi 'ya'ya ya zubar, kuma irin tafasa ɓawonsa na da tauri yana iya shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Na san muna kwaɗon tafasa, amma kwaɗo nawa za a yi da hekta guda?

Fadama ma haka ne. Kachalla, wani dogon haki da ke tsiro cikin ruwa, tana son ruwan da ke kwance shekara duka, shi ya sa ta cika dausayin Haɗeja da Nguru bayan an gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki da sauro. Mu ma da ke noman rani ƙasan dam ɗin Goronyo mu kula, duk kwatar da anka bari laka ta cika ruwa na kwana ciki to an gayyace ta.

Don Allah a yi gayya a tuge garmani da tafasa tun ba su yi fure ba, in sun yi 'ya'ya aikin ya zama na baɗi. Inda anka tuge kar a bar shi haka nan, a watsa irin gamba ko ƙyasuwa, a zauna da ardo da hakimi a hutar da wurin ko damina guda ce. Kachalla kuma a yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, ƙona ta da rani ba ya kashe saiwar, sai ta sake tohowa.