Salansar tsohon jirgin ruwa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Maganar nan ta jirgin da injinsa ke ciki, ƙafar farfelarsa ke waje ce, irin MerCruiser Alpha One da Volvo Penta da OMC Cobra. Mai injin ratayawa irin na kwale-kwalen Yawuri, ba da kai nake ba.

Jirgina ya fara ruri kamar babur marar salansa. Zai nutse?

In robar salansa ce kaɗai ta yage, kwantar da hankalinka, ƙara kawai za ka sha. Amma a Alpha One robobi uku ne masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar zugazugin maƙeri: ta salansa, ta sandar da ke juya ƙafa, da ƙarama ta wayar giya. Biyun ƙarshen su ke shigar da ruwa cikin jirgi in sun yage.

To in canza ta salansar kaɗai?

A'a. Tare suka tsufa. Tunda an sauke ƙafa, a canza su duka, a murza boris ɗin da sandar ke bi ta cikinsa a ji ko yana gurza.

Na kwance fulogi na tarar da ruwa.

Kada ka sake murza makulli. Fistin ba ya iya matse ruwa, sandarsa ce za ta lanƙwashe. Kwance fulogogi duka, juya inji ruwan ya fita, zuba ɗan mai a ramukan, sannan ka buɗe manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji, da gwiwar da ke samansa. Yawanci nan ne tsatsa ta cinye bangon da ya raba hanyar ruwa da ta hayaƙi, ko gaskit ɗin tsakaninsu ya mutu.

A yi wa manifol walda?

A'a. Ƙarfen zubi ne, kuma daga ciki yake ruɓewa. Ka ƙwaƙula da sukundireba ka ga yana zubowa ɓawo-ɓawo, to ya gama. A ruwan gishiri irin na Legas, wanda ya kai shekara 5 abin dubawa ne ko da fentinsa na ƙyalli.

Bututun nan mai reshe biyu da ke bayan inji ya ɓule. Zan iya toshe shi ba a ɗaga inji ba?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda. Bututun alminiyam ne, yana haɗa hayaƙin ɓangarori biyu na inji V6 ko V8, gindinsa a ɗaure da jikin bangon baya, ƙasa da layin ruwa. Ma'ana ko inji a kashe yake, ruwan waje na tsaye a cikinsa. Don haka abin farko shi ne sanin inda ramin yake.

In can sama ne kusa da inda tiyon roba ke kama shi, ramin ƙarami, kuma ka kankare kewaye ka tarar da ƙarfe fari mai tauri, to gam mai haɗi biyu na iya kai ka wani lokaci. Na ce na iya. Sai an wanke, an bushe ƙarau, kuma ka riƙa leƙa shi duk fita. In farin gari ke zubowa kamar alli, ramin da ka gani ɗaya ne cikin da yawa, gam ba shi da abin kamawa.

In kuwa ƙasa ne, ko daga robar da ke rufe gindinsa ruwan ke tsattsafowa, ba na yarda da faci. A yawancin jirage hannu ba ya kai ga notocin sai an ɗaga inji. Na san kuɗi ne, na san ba ka so. Amma jirgin da ke kwana a ruwa da irin wannan rami, famfon kwashe ruwa da batir ne kaɗai ke riƙe da shi. Walda tana yiwuwa in an fito da bututun, in mai waldar ya san alminiyam, sai dai tsohon da ya sha gishiri sau da yawa yana ƙin kamawa. Walda a cikin jirgi kusa da tankin fetur kuwa, kada ma ka kawo min maganar.

Na ga guntun roba baƙi a ƙone cikin bututun.

Marfin da ke hana ruwa komowa inji ne. Zafi ya narkar da shi, wato ruwan sanyaya ya taɓa yankewa. Nemo sauran guntayen kar su toshe hanya, sa sabo, sannan ka canza robar famfon ruwan sanyaya inji. A Alpha One cikin ƙafa take. Ka bar ta, sabon ma zai ƙone.

Nawa OMC ne, kaya sun yi wuya.

Kamfanin ya durƙushe tun shekarar 2000. Ana samun na wasu kamfanoni. Je da lambar inji da tsohon kayan a hannu.

Ana ɗan jin warin hayaƙi, amma jirgi na tafiya lafiya.

Haba malam! Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi, irin ta janareto ce da ke kashe mutane a ɗaki. Wani ya ce kansa na ciwo ko jiri na ɗibarsa, kashe inji, fito da kowa fili. Kada jirgin ya sake ɗaukar mutum sai an gano inda yake yoyo.