Gilashi mai hazo a manhaja da shafin intanet: a karanta kafin a sake tambaya

Wai mene ne shi?

Allo ne da ake hango abin da ke bayansa dishi-dishi, irin gilashin tagar banɗaki. A shafin intanet, umarnin backdrop-filter na CSS, wato yaren tsara kamannin shafi, ne ke samar da shi.

Sabon yayi ne?

Ina fa. Windows Vista ta zo da shi a 2007, Windows 8 ta watsar da shi a 2012, Apple ta ɗauke shi a iOS 7 a 2013, ta kuma sake sabunta shi da sunan Liquid Glass a 2025.

Zan iya ɗora rubutu a kansa?

To, a nan gizo ke saƙar. Za ka iya, amma da sharaɗi, kuma ko da sharaɗin ba zan ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari ba. Matsalar ita ce ba kai ke da iko da abin da zai gifta ta bayan gilashin ba. Ka sa farin rubutu a kan hoton dare, ya fito tar, ranka ya yi fari. Mai amfani ya ja shafin sama, hoton farar riga ya shigo ƙarƙashi, rubutun ya ɓace ɓat. Ƙa'idar WCAG, wadda aka yi don kowa ya iya amfani da shafin intanet har da masu naƙasa, tana neman bambancin haske na 4.5:1 tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa, 3:1 ga babban rubutu. Da wane bayan za ka auna, alhali canzawa yake yi?

Abin da nake yi shi ne, in shimfiɗa launi mai kauri a kan hazon, sannan in gwada shi a kan fari fat da kuma baƙi ƙirin. In rubutun ya karantu a duka biyun, madalla. Sau da yawa kafin a kai nan gilashin ya kusa toshewa, kyawun da ake nema ya ragu. Wataƙila kalma biyu a kan maɓalli su tsira, musamman in bayan naka ne kuma ba ya motsi. Doguwar magana kuwa, ko fom, ko lambar kuɗi, don Allah a bar su a kan launi tsayayye. Akwai mai raunin gani, akwai mai karatu a tsakiyar rana, su ma don su aka yi manhajar.

Yana cin batir?

Yana ci. Duk motsin da aka yi a bayansa sai na'ura ta sake lissafa hazon. Shi ya sa Windows ke mayar da gilashinta na Acrylic launi tsayayye da zarar an kunna tanadin batir. Ku daina gwaji a babbar wayarku kaɗai kuna cewa lafiya lau! Ku nemo ƙaramar waya tsohuwa, ku ja shafin, ku ga yadda yake sarƙewa.

Duk burauza na nuna shi?

Chrome tun 2019, Firefox tun 2022, Safari ta riga su. Duk da haka ka tanadi launin da zai maye gurbinsa.

Mai aikin ya nace sai gilashi. Yaya zan yi?

Kwantar da hankalinka, ba abin faɗa ba ne. Ka ba shi gilashin a sandar saman allo, ko a ƙaramin allon da ke buɗewa ya rufe. Kada ka jera gilashi a kan gilashi. Sannan ka nuna masa cewa iPhone kanta tana da wurin rage wannan gani-ta-ciki a saitunanta, ka tabbatar aikinka bai lalace ba in mutum ya kunna shi.