Ma'anar Gwanjo da Abin da Kalmar Ta Ƙunsa a Yau

Idan aka ce gwanjo a yau, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne tulin riguna da wanduna da aka zube a kan buhu a bakin kasuwa, mutane sun durƙusa suna tona. Sai dai asalin kalmar ba sunan kaya ba ne, sunan salon ciniki ne. Gwanjo shi ne a fito da kaya a bainar jama'a, masu saye su yi ta tayawa, wanda ya fi kowa tayi a sallama masa, kuma har yanzu da wannan ma'anar ake cewa hukumar kwastan ta yi gwanjon motocin da ta kama, ko banki ya yi gwanjon kadarar wanda ya kasa biyan bashi. Yarbawa ma suna da kalmar gbanjo, wadda ma'anarta ta yi daidai da wannan. Da yake abin da ake fitarwa gwanjo galibi an riga an more shi, kuma farashinsa ba ya kai na sabo, sai sunan cinikin ya koma kan kayan da kansu.

Bahaushe bai tara duk tsohon kaya a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Waya ko firji ko babur da aka saya daga wanda ya fara amfani da shi, na hannu ake ce masa. Atamfa ko leshin da mace ta ɗaura ta gaji, ta bai wa dillaliya ta kai gidaje ta sayar mata, wannan kwance ne. Motar da aka shigo da ita ta tashar ruwan Jamhuriyar Benin ana kiranta 'yar Kwatano, yayin da mutanen kudu suke cewa tokumbo, su kuma kira tsofaffin tufafi da sunan Okirika, wani gari na bakin ruwa a Jihar Ribas. Gwanjo kuwa, a bakin mutanen yau, ya fi tsayawa a kan tufafi da takalma da jakunkuna da labule da barguna waɗanda aka kwaso daga Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya.

Waɗannan kaya suna fitowa ne daga abin da mutanen can suka bayar sadaka ko suka zubar, kamfanoni su tantance su gwargwadon kyansu, su matse su a dila mai nauyin kilo 45 ko 55. Dokar Najeriya ta sanya tsofaffin tufafi cikin kayan da aka haramta shigowa da su, shi ya sa mafi yawansu suke sauka a Kwatano ko Lome kafin su tsallako, kuma shi ya sa rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa wannan ciniki ƙwarai, kamar yadda faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa dila ta yi tsadar da ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka kasa ɗauka. Wanda ya san Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna ya san cewa ranar fasa dila ita ce ranar masu ido, domin zaɓin farko yakan tafi kantuna a rataye shi da tsada, ragowar kuma ta gangaro har ta kai ga mai talla a unguwa, musamman idan hunturu ya kama aka shiga neman rigunan sanyi na yara.

A ganina, inda kalmar ta fi cancantar a tsaya a kanta shi ne abin da ke faruwa bayan an kawo kayan gida, domin darajar gwanjo tana hannun mai gyara shi. Babbar riga takan koma ƙanana biyu a wurin tela, labulen da ya yi wa taga yawa a yanka shi a rufe kujera, bargon da ya ƙoɗe ya zama shimfiɗar yaro, abin da ya rage kuma ya zama tsumman goge ɗaki ko cikon matashi. Wannan dabara ba ta tsaya a kan tufafi ba. Bokitin fenti da aka wanke sosai yana ajiye gari da hatsi, buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da taki yana fitar da alayyafo da tumatir a tsakar gida, gwangwanin madara ya daɗe yana zama fitilar aci-balbal, tsohon tif na mota kuwa da shi ake ɗinka gugar rijiya. Magidancin da zai kewaye banɗaki ko ya kafa rumfar awaki, idan ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, zai samu tsohon kwano da ƙyaure da katako da ƙarfe a farashin da aljihunsa zai ɗauka, ya kuma tarar da maƙeran da ke mayar da tarkacen da 'yan jari-bola suka tsinto zuwa kurfoti da tukwane da akwatuna.

Duk da haka, ba kowane abu ne ya dace a sake mora ba, kuma a nan ne tsimi yake buƙatar hankali. Jarka ko duron da aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko fetur bai kamata ya ɗauki ruwan sha ba komai yawan wankin da aka yi masa, saboda roba tana riƙe guba. Tufafin gwanjo suna bukatar wanki da ruwan zafi da sabulu, a shanya su a rana, a bi su da guga kafin su taɓa jiki, kayan ciki da tawul kuwa gara a haƙura a sayi sabo. Kayan lantarki na hannu, irin su dutsen guga da abin dafa ruwa, ya kamata a jona su a gaban mai sayarwa, a kuma duba wayarsu da kyau, domin da zarar an bar rumfa ciniki ya ƙare, ba a dawo da kaya.