Kuɗin awon kaya a hanyar dawowa gida: ina doka ta tsaya, ina tikiti ya fara aiki?

Rigimar awon kaya ba ta cika tashi a Kano ko Abuja lokacin tafiya ba. A hanyar dawowa ake yin ta, a kantar awo ta Jidda, Dubai ko Alƙahira, bayan an cika jakunkuna da dabino, jallabiyoyi, darduma, turare da tsarabar duk wanda ya yi rakiya. Ma'aikacin kanta ya dubi sikeli ya faɗi kuɗin da zai sa mutum ya dafe kai, shi kuwa fasinja ya hau rantsuwa cewa da zai taho ba a karɓi ko sisi a hannunsa ba. Sau da yawa dukansu biyun gaskiya suke faɗa. Abin da ya raba su rubuce yake a takardar da fasinjan bai taɓa karantawa ba.

Babu wata doka, ta Najeriya ko ta duniya, da ta yanka wa kamfanonin jiragen sama yawan kilon da za su ɗaukar wa fasinja kyauta, ko farashin kilon da ya ɗoru a kai. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ita ce uwa a harkar haƙƙin fasinjan ƙasa da ƙasa, kuma Najeriya ta shigar da ita cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta yi magana ne kan diyya idan kaya ya ɓace, ya lalace ko ya makara. Ba ta ce uffan ba kan kuɗin rarar kaya. Wannan ciniki ne tsakaninka da kamfani, kuma an ƙulla shi ranar da ka biya kuɗin tikiti. Don haka wanda ya tsaya a gaban kanta yana cewa doka ta hana, a kan iska ya tsaya. Wanda ya fito da tikitinsa ya nuna layin da aka rubuta masa kilonsa, shi ne mai hujja.

Layin nan ɗan ƙarami ne, yana gefen kowane zango na tafiyar. Wani tikitin za ka ga an rubuta 30K ko 40K, wani kuma 2PC ko 1PC. Na farkon tsarin nauyi ne: an ba ka jimillar kilo, ka raba su a jakunkuna yadda ka ga dama. Na biyun tsarin ƙidayar jaka ne, kuma shi ne ya fi yawa a jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma: jaka biyu ko ɗaya, kowace a ƙaramin aji ba ta wuce kilo 23 ba. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Mutum ya ji an ce yana da kilo 46, sai ya ɗura 28 a babban akwati, ya sa 16 a ƙaramar jaka, ya lissafa ya ga 44 ne, har da saura. Yana ɗora babban a sikeli sai a ce ya biya. A tsarin ƙidayar jaka ba a haɗa lissafi. Kowace jaka da nata hisabin, kuma kilo bakwai ɗin da ƙaramar ta rage ba za su ceci babbar ba. Maganin kuwa ba ya cin kuɗi: ka ja gefe, ka buɗe zik, ka kwashe kwalayen dabino biyu ko uku zuwa ƙaramar, ka dawo. Na fi son in ga dattijo a durƙushe yana wannan aikin da in gan shi yana ƙirga riyal a kan abin da ba dole ba.

Akwai kuma iyakar da kuɗi ba ya ɗagawa. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaka guda da ta haura kilo 32, saboda lafiyar bayan masu lodin kaya. Jakar gana-mas-go da aka naɗe da igiya ta kai 40, sai dai a farke ta a raba, ko a bi da ita ta kamfanin dakon kaya.

To me ya sa a tafiya ba a caje ka ba, a dawowa aka caje ka? Wani lokacin sassauci ne kawai ka samu a gida, ma'aikaci ya kawar da kai daga kilo biyu ko uku. Sassaucin jiya ba ya zama haƙƙin yau. Wani lokacin kuma ajin farashin tikitin tafiya daban ne da na dawowa, musamman idan ejen ya haɗa mai araha da mai tsada don kuɗin ya sauko, sai layin tafiya ya nuna 2PC, na dawowa ya nuna 1PC. Sai kuma inda kamfanoni biyu suka haɗu a tikiti ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da ƙa'ida mai lamba 302 da ta fara aiki a Afrilun 2011: idan dokokin kayan kamfanonin biyu sun saɓa, ana bin na kamfanin da ya ɗauki zango mafi muhimmanci, wato wanda ya tsallaka da kai daga wani yanki na duniya zuwa wani. Wanda ya taso daga Madina zuwa Jidda a wani jirgi, sannan Jidda zuwa Kano a wani, duk a tikiti guda kuma aka yi wa kayansa awo kai tsaye har Kano, dokar mai tsallakowa Afirka ce ke aiki a kansa tun daga Madina. Amma idan tikiti biyu ne daban-daban, ciniki biyu ne, kuma ƙaramin jirgin cikin gida yana da damar ya caje ka a kan jakar da babban jirgin zai ɗauka kyauta. Masu zuwa Amurka ko Kanada su ne suka samu sauƙi, domin hukumomin can sun wajabta ƙa'idar kaya guda ɗaya ta bi tikitin daga farko har ƙarshe, zuwa da dawowa.

Maganar ejen, komai amincinsa, ba ta da nauyi a kanta. "Ejen ɗina ya ce kilo 50 ne" ba hujja ba ce a wurin ma'aikacin da ke kallon kwamfuta. Idan mai shirya maka Umara ko hutu ya yi alkawarin ƙarin kilo, ka nemi ka gan shi a jikin tikiti kafin ka bar ofishinsa. Idan babu shi a can, kuma aka caje ka, to bashinka yana wuyan ejen, kamfanin jirgi ba ruwansa.

Inda doka take shigowa da ƙarfinta shi ne idan kamfani ya saɓa wa abin da shi kansa ya rubuta. Kashi na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, shi ne na kare fasinja, kuma ginshiƙinsa shi ne a bayyana wa mai saye farashi da sharuɗɗa kafin ya biya. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta hana ɗan kasuwa karɓar fiye da farashin da ya nuna, ta kuma hana yaudara a bayani. Saboda haka idan tikitinka ya ce 2PC aka caje ka a kan jaka ta biyu da ba ta wuce nauyi ba, ko ka sayi ƙarin kilo ta intanet aka ce ba a gani ba aka sake karɓa, ko aka yi maka lissafi da farashin da ya fi wanda kamfanin ya wallafa, kana da ƙara mai ƙarfi. A ganina haka lamarin yake idan kamfanin ne da kansa ya soke jirginka ya mayar da kai wani mai ƙarancin kilo, domin ba kai ka sauya cinikin ba.

Sai dai ba a cin wannan shari'ar a gaban kanta. Ma'aikacin yana da ikon ƙin karɓar jakarka, kuma ana rufe awo kusan awa ɗaya kafin tashi. Wanda ya tsaya jayayya har aka rufe ya yi asarar da ta ninka kuɗin awon. Abin da ya kamata shi ne a tattara hujja a natse. Ka dubi allon sikelin kafin ka ɗora jaka, ka tabbata yana kan sifili. Idan lambar da ta fito ta yi nisa da abin da ka auna a masauki, ka roƙi a sake aunawa a sikelin kantar da ke kusa. Wannan roƙo ne da ba a cika ƙi ba. Ka ɗauki hoton lambar idan an yarda. Ka nemi a kira shugaban ma'aikatan wurin ka nuna masa tikiti. Idan duk da haka an dage, ka biya, ka faɗa a fili cewa ba ka yarda ba kuma za ka kai ƙorafi, sannan ka karɓi rasit na kamfani mai ɗauke da sunanka, lambar jirgi, yawan kilo da kuɗin. Biya da kati ya fi, domin yana barin sawu a banki.

Rasit ɗin nan shi ne komai. Wanda aka ce masa ya kawo rabi a rufe maganar, ya miƙa kuɗi a hannu ba takarda, ya sayar da haƙƙinsa na ƙorafi, ya kuma shiga abin da doka ke kira cin hanci. Mafi muni shi ne ɗabi'ar nan ta neman mai ƙarancin kaya a layi a ce, "Alhaji, don Allah a sa mini wannan a sunanka." Tausayi ne yake sa a karɓa, amma duk abin da ke cikin jakar ya zama na mai sunan. Ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai da ta shafe watanni kafin a wanke ta a 2019. Ka ƙirga 'yan takardun lambar kaya da aka manna maka a bayan katin shiga jirgi. Jaka biyu ka bayar, lamba biyu za ka gani. Kada ka yar da su, domin su ne shaidar abin da aka auna.

Bayan an sauka, ƙorafi a rubuce yake tafiya, kuma kamfanin jirgin ake fara kai wa: hoton tikiti, rasit, lambobin kaya, da jimla biyu ko uku da ke cewa ga abin da aka rubuta mini, ga abin da aka karɓa, ina neman a dawo mini da kaza. Idan sun yi shiru ko sun ƙi, sai a wuce sashen kare fasinja na NCAA, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jirage da kuma shafin karɓar ƙorafi, ko a je FCCPC. Idan a Saudiyya aka karɓi kuɗin, hukumarsu ta sufurin jiragen sama, GACA, tana da sabbin ƙa'idojin haƙƙin fasinja da suka fara aiki a Nuwamban 2023, ita ma tana sauraron wanda kamfani bai biya masa buƙata ba.

Wani kuskuren fahimta da ya kamata a gyara: biyan kuɗin rarar kaya ba ya ƙara diyya idan kayan sun salwanta. Iyakar diyyar Montreal a kan fasinja take, ba a kan jaka ko kilo ba, kuma tun 28 ga Disamba 2024 ta koma 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wajen dala dubu biyu. Mai jaka biyar da mai jaka ɗaya iyakarsu guda, sai fa wanda ya bayyana darajar kayansa tun a kanta ya biya kuɗin hakan daban. Idan jaka ta iso a fashe, kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafi. Idan makara ta yi, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita.

Zamzam nasa tsarin daban ne. Galan ɗaya na lita 5 a cikin kwalinsa na masana'anta ake bari, ba a yarda a cusa shi cikin akwati ba, kuma ko za a ɗauke shi kyauta ko za a lissafa shi cikin kilonka, kamfani ne ke faɗa, don haka a tambaya kafin a saya. Alhazan jirgin gwamnati kuwa ba tikitin kasuwa ke hukunta su ba. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ce ke sanar da nauyin babbar jaka da ta hannu a kowace shekara, rarar kuma ta bi kamfanonin dako da hukumar ta amince da su. A cikin masu zuwa ibada, masu jirgin yawo da masu Umara su ne duk bayanin da ya gabata ya shafa kai tsaye.