Tsarin PECS na musayar hoto ga yara masu galahanga (autism)

PECS hanya ce ta koya wa yaron da bai fara magana ba ya nemi abin da yake so ta miƙa wa wani hotonsa. Andy Bondy da Lori Frost ne suka ƙirƙiro shi a 1985, a wani shirin yara masu galahanga a jihar Delaware ta Amurka. Matakansa shida ne.

Kafin komai, sai an gano abin da yaron yake matuƙar so, ko ayaba ce ko motar wasa. Abin da bai dame shi ba, ba zai miƙa hotonsa ba.

Matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma mutum biyu yake buƙata. Ɗaya ya zauna gaban yaron riƙe da abin, ɗayan a bayansa, ba mai cewa uffan. Sai yaron ya kai hannu da kansa, sannan na bayan ya kama hannun, ya taya shi ɗaukar hoton da sa shi a tafin na gaban. Nan take a ba shi abin tare da faɗin sunansa. Kaɗan-kaɗan ake bayarwa domin ya sake nema, na bayan kuma ya riƙa janye taimako a hankali. Inda aka fi yin kuskure shi ne yawan cewa "Me kake so?" ko "Ba ni hoton". Yaron sai ya saba da jiran umarni, alhali so ake ya fara neman da kansa.

A mataki na biyu ana nesanta hoton, a sauya mutane da wurare. Na uku shi ne zaɓi tsakanin hotuna biyu, na abin da yake so da na wanda ba ya so. A riƙa sauya musu gurbi, in ba haka ba gefen zai haddace, ba hoton ba. A na huɗu yana haɗa katin "Ina so" da hoton. Mai koya masa ya karanta masa, ya ɗan dakata kafin kalmar ƙarshe ko yaron zai furta. Na biyar amsa tambaya ne, na shida kuma bayyana abin da ya gani ko ya ji.

Iyaye kan ji tsoron hoto zai hana yaro magana. Bincike bai nuna haka ba. Sai dai tsarin bai tabbatar da zuwan maganar ba: wasu yaran suna fara furuci, wasu kuma da hoton suke ci gaba da sadarwa.